Ƙarfe Mai Baki Biyu

Ku samarin da muke ɗaki ɗaya a Al Nahda, nan Dubai, na ji ku. Ranar Juma'ar nan da na rufe fuska da hula bayan azahar, ba barci nake ba. Nazifi ya ce wai in an tambayi Baba Sule aikinsa sai ya ce wasa ƙarfe, kuma da gaskiyarsa, wasan yake yi. Kuka yi ta dariya. Wai ina cikin sanyi tun safe, ku kuna rana a kan babur kuna kai wa mutane abinci. To bari in rubuta muku, tunda in na buɗe baki wayoyinku kuke kallo. Karatuna allo ne da aji huɗu na firamare, ku yi haƙuri da rubutun.

Takalmin farko da na wasa, ɓata shi na yi. A 2016 ne, wata uku da zuwana. Kamfanin shara ne ya kawo ni, aka jefa ni filin ƙanƙara da ke cikin wani babban kanti, ina goge tabarmar robar da mutane ke takawa kafin su hau. A lungu akwai wani ɗan ɗaki mai ƙaurin ƙarfe, a ciki wani tsoho mutumin Filifin, Ruben, yana washin ƙarfen takalman hawa ƙanƙara. Ni kuwa gidanmu gidan washi ne. Ubana ya tsufa yana wasa wa mahauta wuƙaƙe a Kano, a gindin dutsensa na tashi. Na leƙa Ruben sau biyu, na ce a raina tsohon nan cin banza yake, ƙarfen da ya gama ko tumatir ba zai yanka ba. Ran nan ya fita cin abinci, na ɗauki takalmin haya ɗaya da magagari na zauna. Na kwantar da wannan gefe, na kwantar da wancan, har ƙarfen ya fito da baki ɗaya siriri. Na gwada a gashin hannuna, ya aske. Na ajiye masa a tebur ina jiran yabo.

Ya dawo ya ɗauka, ya juya shi, ya sake juyawa. Turancinmu guntu-guntu ne ni da shi, amma muna gane juna.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce ni ne.

"Saniya za ka yanka?"

Bai kai ƙarata ba. Ya buga ƙusa a bango ya rataye takalmin, har yau yana nan. Sannan ya kife wani takalmin a gabana, ya kama ɗan yatsana ya bi da shi kan ƙarfen. A nan na ji abin da idona bai gani ba. Ƙarfen takalmin ƙanƙara ba wuƙa ba ne. Rami ake yi a tsakiyarsa, siririn kwari tun daga gaba har baya, sai ya bar baki biyu, na ciki da na waje. A kan bakunan nan mutum yake juyawa, da su yake tsayawa. In ramin ya yi zurfi, baki ya ciji ƙanƙara da ƙarfi. In bai yi zurfi ba, takalmi ya sulale da sauƙi. Kowane zurfi da lambarsa, kowane mai takalmi da lambar da yake so, a rubuce a katinsa.

Shekara guda na yi ina koyo a kan matattun takalman haya, bayan na gama shara. Kayan aikin ba su da yawa. Dutse mai juyawa, matsin da ke riƙe takalmi, ɗan ƙarfe mai kan lu'ulu'u da ake gyara fuskar dutsen da shi, sai ƙaramin dutsen hannu na share gefe. Sauran biyun a jikinka suke: farce, da sulen dirhami guda. Ka kankare farcenka a baki ka ji kaifi. Ka kife takalmi ka ɗora dirhami a kai, in ya karkata to baki ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ka sake. Ka danna da yawa ƙarfe ya ƙone ya yi shuɗi, ya mutu. Ka tsaya a wuri ɗaya na ƙiftawar ido, ka yi masa kwarmi. Tartsatsi ne ke gaya maka gaskiya, sai ka koyi kallonsa. Ruben bai taɓa cewa na iya ba. Ranar da zai koma ƙasarsu ya miƙo min makullin ɗakin, ya nuna takalmin da ke kan ƙusa, ya fita.

Abin da ba ku sani ba shi ne, a wannan sana'ar ba wanda ke faɗuwa da kansa. Yarinya mai rawa a ƙanƙara ta zame, uwarta ta zo ta tsaya min a ka. Ƙaton ma'aikacin banki da bai iya tsayuwa ba ya sha ƙasa, ya ce washi ne. 'Yan hoki sun fi kowa. In sun ci wasa, su ne gwanaye. In an ci su, ɗakina suke fara leƙawa. Shi ya sa ban yarda da kowa ba, kuma ba na barin takalmi ya fita sai na duba shi sau biyu, don na san wani zai taka siminti da shi a hanya ya dawo ya ce haka na ba shi.

Takalmin Katanga ya zo hannuna a 2017. Sunansa na gaskiya harshena bai taɓa iya shi ba, ni na sa masa Katanga, har abokan wasansa suka ɗauka ba su san ma'anarsa ba. Bature ne daga ƙasashen sanyi, ƙato, haƙoran gabansa na roba, yana cire su ya sa a gwangwani kafin ya hau ƙanƙara. Shekara goma sha tara ya yi yana buga hoki a matsayin sana'a, daga wannan kulob zuwa wancan, kullum ɗan baya. Da ƙarfi ya fara raguwa sai ya zo Dubai, yana koyar da manya da rana, yana buga wa ƙungiyar filinmu a gasar cikin gari.

Ku da kuke kallon ƙwallo kun san ɗan baya, amma na hoki daban ne. Rabin aikinsa da baya yake tafiya, fuskarsa na kallon masu zuwa, ƙafafunsa na gudu zuwa inda ba ya gani. In aka bugo faifan robar da ke matsayin ƙwallonsu, baƙi, mai tauri kamar dutse, shi ne zai sa jikinsa ya tare. Ba a kiran sunansa sai ranar da aka wuce shi. Ya taɓa nuna min ƙaurinsa, duk ƙulu-ƙulu. Ya ce a shekara goma sha tara ba a taɓa manna hotonsa a bango ba, amma duk golan da ya tsaya a gabansa yana kiransa ranar haihuwa.

Ranar farko bai sakar min takalmin ba sai da ya ƙare min kallo.

"Ina tsohon?"

"Ya tafi."

"Kai ka taɓa hawa ƙanƙara?"

"A'a."

Ya yi wata magana da yarensu wadda na san ba addu'a ba ce. Ya ɗauki kati ya rubuta lambarsa da kansa, rabin inci, ya ja layi biyu a ƙasa. Ya ce da wannan lambar ya fara, da ita zai gama, in na canza zai sani. Ya tsaya a kaina har na gama, ya fito da nasa dirhamin ya gwada. Wata shida yana tsaya min a ka. Daga baya ya fara ajiyewa ya tafi.

Ni kuwa ƙarfen nasa nake karantawa. Bakin ƙarfen na ciki a ƙafar hagu ba ya cinyewa kamar na dama. Mutumin yana ɓoye gwiwa, ba ya ɗora mata nauyi. Kuma lambar da ya zo da ita ta ƙanƙarar ƙasarsu ce, mai tauri. Tamu a nan, duk injin sanyin da ake kunnawa, laushi gare ta, musamman in zafi ya shigo. Ƙato mai nauyi a kan rami mai zurfi a ƙanƙara mai laushi, ƙarfen nutsewa yake, ya riƙe ƙafa lokacin da jiki ya riga ya juya. Na gaya masa sau ɗaya. Ya ce, "Suli, ka wasa ƙarfe, ni in buga wasa." Ban sake ba.

Sai na yi abin da ubana yake yi wa mahauta masu taurin kai. Mahauci zai ce a yi masa baki kaza, tsoho ya ce to, ya yi abin da ya san naman ke so. Na fara rage wa Katanga zurfin ramin kaɗan-kaɗan, yadda ƙafa ba za ta ji ba. Wata ya bi wata, har na kai shi uku bisa huɗu, don a lissafinmu in lamba ta ƙaru zurfi raguwa yake. Dirhami karkata yake nunawa, ba ya nuna zurfi. Ya daina ɗingishi bayan wasa. Ya ce ƙanƙarar ce aka gyara. Na ce haka ne. Don kada in manta inda na tsaya, na yi rubutu a ƙasan katinsa da ajami, rubutun da hannuna ya fi sabawa da shi, wanda na san ba mai karantawa a wurin.

Shekarar korona aka rufe filin, aka kashe injin, ƙanƙara ta narke, na ga simintin da ke ƙasa karo na farko. Wata da watanni muna zaune a ɗaki. Wasu daga cikinku ba ku zo ba tukuna, waɗanda suka riga ku a gadajen nan rabinsu gida aka mayar da su. Da aka buɗe, sai na tarar da sabon abu a kan teburina, wani farin akwati. Mudir, wato manajanmu, Balarabe ne amma ba ɗan ƙasa ba, ya shafa shi kamar ya sayi doki. Ya ce inji ne, a sa takalmi, a zaɓi lamba, a danna, khalas.

"Don ya taimake ka ne, ya Sulaiman."

Na ce na gode. Na san irin taimakon. Bizata saura wata huɗu a sabunta, kuma sau biyu na gan shi yana koya wa masu ba da tikiti yadda ake danna abin.

Ana cikin haka wani a ɗakinmu ya kamu, aka killace mu duka kwana goma. A kwana na shida aka yi wasa. Katanga ya ajiye takalminsa da safe kamar kullum, bai san ba na nan ba. Mudir ya ɗauko katin, ya ga rabin inci da layi biyu a ƙasa, ya sa a inji ya danna. Injin bai yi kuskure ba, abin da aka ce masa ya yi. Katanga ya ce tun takun farko ya ji ƙarfen na cizo, ya ɗauka sabon washi ne. Ana tsakar wasa yana ja da baya, wani ya zo zai wuce ta hagunsa, ya juya. Jiki ya juya, ƙafa ta tsaya. An ce har mazaunin 'yan kallo an ji ƙarar gwiwar.

Ranar da na dawo, ko rigar aiki ban sa ba aka ce ofis. Mudir na zaune, Katanga a gefe da sandunan guragu, ƙafarsa a miƙe cikin ƙarfe. Katin yana kan tebur.

Mudir ya riga ya shirya maganarsa. Ya ce injin lambar da ke kati ya bi, don haka inji ba shi da laifi, shi ma ba shi da laifi. Amma akwai abin da ke ƙasan katin. Ya ce shi Balarabe ne, haruffan nan nasu ne, ya karanta daga dama, ya karanta daga hagu, ba Larabci ba ne, ba aya ba ce, ba suna ba ne. Kuma a cikin kati sama da ɗari, na mutum ɗaya ne kawai ke da shi, mutumin da ƙafarsa ta karye.

"Wannan mene ne, ya Sulaiman? Sihiri?"

Kun san ƙasar nan. Kalmar nan ba ta tsaya a kora daga aiki ba, 'yan sanda ne, daga nan sai filin jirgi. Na ce Hausa ce, yarenmu, da haruffan allo muke rubuta ta. Ya ce to me aka rubuta. Na ƙi faɗa, don abin da ke jikin katin ma ba mai daɗi ba ne. Wannan ya ƙara masa ƙarfi. Ya ce ko na faɗa ba zai yarda ba, sai an samo wani. Ya ɗaga waya ya kira ofishin masu gadi, ya tambaya ko akwai mai jin yaren.

Wanda ya shigo, da na gan shi sai da na ce innalillahi. Isufu ne, mai gadin ƙofar baya, mutumin Damagaram. Ya yi zama a Libiya, Larabci a bakinsa kamar ruwa. Kun san tsakaninmu Kanawa da su. Shekara uku ba mu taɓa gaisawa ba tare da ya kira ni bawansa ba.

Ya dube ni, ya dubi katin, ya ce da Hausa, "Bawana, me ka sata?"

"Isufu, don Allah yau ba ranar wasa ba ce."

"Ku Kanawa kullum ba ranar wasa ba ce in an kama ku. Ka ce ni ne ubangidanka tukuna."

"Kai ne."

"Ban ji ba."

"Kai ne ubangidana, Allah ya isa."

Mudir ya buga tebur. "Yalla, karanta!"

Isufu ya kai katin kusa da ido, yana bin haruffa da yatsa. Na ga kafaɗarsa ta fara rawa, yana danne dariya. Ya karanta da ƙarfi yadda na rubuta: "Ƙato ne, ba ya jin magana. Gwiwar hagu ta lalace, yana ɓoyewa. Lambar sama ƙarya ce. A yi masa uku bisa huɗu, kada a gaya masa."

Ya ce, "Patron, wannan ba sihiri ba ne, gulma ce." Ya juya shi da Larabci, bai rage ko kalma ɗaya ba, har da ƙaton. Mudir ya juya wa Katanga da Turanci. Isufu ya matso kunnena ya ce, "Ƙarfe mai baki biyu, mai washi mai baki biyu. Allah ya haɗa ku."

Mudir fuskarsa ta saki, don ya sami abin da ya fi sihiri sauƙi. Ya ce shi ke nan, ma'aikaci ya yi shekara uku yana yi wa mai kaya ƙarya, ba sai an kira kowa ba, takardar sallama ta isa. Ya jawo takarda.

 Katanga ya miƙa hannu aka ba shi katin. Ya daɗe yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa.

"Tun yaushe?"

Na ce tun bayan da ya daina tsaya min a ka.

"Uku bisa huɗu. Ni." Ya girgiza kai. "Da ka rubuta shi a sama, inda mutum zai gani, yau da ƙafata nake tafiya."

Na ce haka ne. Gaskiya ya faɗa.

"Da ka gaya min kuma, da na ƙi."

Na ce wannan ma haka ne.

Ya juya wajen Mudir. Ya ce likitan ƙasarsu ya ba gwiwar nan shekara ɗaya, ta yi uku a nan, ya ɗauka ƙarfinsa ne. Ya nuna ƙofa, wajen da farin akwatin yake. Ya ce wancan yana yin abin da aka ce masa, ga sakamakon a cikin ƙarfe. Ya nuno ni ya ce wannan kuma ba ya yin abin da aka ce masa, maƙaryaci ne, amma yana kallon takalmi. Ya ce in aka sallame ni, shi da ɗalibansa da ƙungiyar za su nemi wani filin. Mudir ya yi ta jujjuya biro, sannan ya mayar da takardar cikin aljihun tebur. Bai yaga ta ba. Na lura da wannan, kuma na san tana nan har yanzu.

Kafin mu fita Katanga ya karɓi biron, ya soke rabin incinsa, ya miƙo min.

"Rubuta. Da rubutun da zan iya karantawa."

Na rubuta uku, na ja layi, na rubuta huɗu. Lambar ba ta yi masa amfani ba, don bai sake buga wasa ba. Yana koyarwa daga bakin fili da sanda a hannu, yana yi wa 'yan baya ihu su daina kallon ƙafafunsu. An sabunta min biza. Injin yana nan, takalman haya nake ba shi. Isufu kuwa duk safiya sai na ce masa ranka ya daɗe kafin ya buɗe min ƙofar baya.

Duk sabon ɗan wasan da ya zo, Katanga da kansa yake rako shi ɗakina. Ya ce masa a duk garin nan ba wanda zai taɓa takalminka sai wannan. Sannan ya ƙara, a gabana, ba ya ko rage murya: "Amma ka tsaya a kansa. Maƙaryaci ne."

Suna tsayawa kuwa. Tun daga ranar ba ɗan hokin da ya ajiye min takalmi ya tafi. Takalmi talatin a yini, kowanne da ƙato a bayana yana huci a wuyana, dirhaminsa a hannu. Nazifi, gobe ƙarfe bakwai nake fita. In kana son wasan, ka taho da rigar sanyi.